Ciyayya a Gidan Gilashi

Da su bakwai ne, yanzu sun koma uku, ukun ma ba kowa ke da cikakkun haƙoran tauna nama ba. Amma duk Juma'ar duniya, da an sallame sallah, za ka ga Alhaji Badaru ya rataya wata tsohuwar jaka mai ɗauke da faffaɗan faranti, ya tsallaka layin dogo, ya nufi gidan abincin zamanin nan da ke bakin babban titin Agege. Gidan yana da sunansa na Turanci a rubuce da jan fenti, amma babu Bahaushen unguwar da ya taɓa wahalar da bakinsa wajen faɗarsa. Gidan Gilashi suke ce masa, tunda gabansa duk gilashi ne, mai wucewa yana iya ƙirga lomar mai ci.

A nan yake tarar da abokansa biyu. Akwai Malam Auwalu tela, mutum mai sanyin magana wanda ko sauro ya cije shi sai ya yi shawara kafin ya kai masa duka. Akwai kuma Ɗan Azumi, tsohon direban babbar mota, wanda muryarsa ke riga shi isa ko'ina. Shi da Badaru a saman mota ɗaya suka shigo Legas, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, zaune a kan kwandunan tumatir, Badaru daga Kura, Ɗan Azumi daga Bunkure, kowa da riga ɗaya a jiki ɗaya a ƙulli. Tare suka yi dako a kasuwar Mile 12 har wuyansu ya yi kanta. Daga baya Ɗan Azumi ya bi mota, Badaru ya tsaya a kasuwa har ya zama dillalin albasa da ake jin maganarsa.

A wancan zamanin akwai wani gida mai zaure a bayan layin dogo, a nan su bakwai ɗin suka kama ɗakuna bayan kowa ya yi aure. Kullum bayan magariba sai a shimfiɗa tabarma a zauren, kowane ɗaki ya fito da kwanonsa, a yi ciyayya kamar yadda iyayensu ke yi a ƙauye. Ba a tambayar na wa za a fara buɗewa. Wanda aka yi wa miyar nama da wanda aka yi wa lami duk hannu ɗaya ake sa musu, kuma babu mai cewa uffan. Badaru har yau idan ya rufe ido yana jin ƙanshin miyar kukar matarsa Furera, wadda ba ta yarda da daddawar Legas, sai wadda direbobi suka kawo mata daga gida a naɗe cikin takardar siminti. Yana tuna dambun matar Ɗan Azumi mai zogale, da ɗanwaken gidan Auwalu da ake rububinsa ranar Lahadi, da yadda jirgin ƙasa ke wucewa ya girgiza ruwan da ke cikin buta, su kuma ko a jikinsu.

To, duk wannan ya wuce. Magadan mai gidan suka sayar da shi, aka rushe zauren aka jera shaguna. Furera ta rasu shekara shida ke nan. Matar Ɗan Azumi ta bi 'ya'yanta Kano, tana can tana rainon jikoki. Ta Auwalu gwiwa ta hana ta tsayuwa a murhu. Sai ya zama babu zaure, babu kwano, saura mazan kawai suna haɗuwa a masallaci suna kallon juna. Ɗan Azumi ne ya ce, tunda ba mai dafa musu, ai akwai masu dafawa su sayar, kuma da sanyin na'ura a kai.

Ranar farko da suka je an ɗan yi ƙaramin rikici. Kowa ya je gaban kanta ya nuna abin da ransa ke so, aka zuba masa a nasa ɗan farantin, da cokali mai yatsu a naɗe cikin takarda. Suka zauna kowa da nasa a gabansa kamar 'yan makarantar kwana, abin ya ƙi shiga. Mako na biyu Badaru ya zo da farantin Furera, babba, na silba, wanda ta yi shekaru tana shanya kuɓewa a kansa. Suka juye komai a ciki, suka naɗe hannun riga. Manajan gidan ya zo zai yi magana, Ɗan Azumi ya yi masa Yarbanci mai kauri har mutumin ya koma yana dariya. Tun daga nan teburin lungu ya zama nasu. Bushra, yarinyar da ke zuba abinci a kanta, haifaffiyar Agege ce, jikar wani mahauci da suka sani, da ta hango su sai ta aika musu da ruwan wanke hannu a roba.

Abin da ake juyewa a farantin kuwa, ai ba a cewa komai: soyayyar shinkafa mai ƙyallin mai, dafa-duka, soyayyar kaza da fatarta, soyayyar agada, wani lokaci har da soyayyen dankali, sannan kowa da kwalbar lemonsa mai raɓa. Ba miyar Furera ba ce, kowa ya sani. Amma hannu uku a faranti ɗaya ne, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage musu na zauren.

Wata Litinin da hantsi Badaru yana tsaye a Mile 12 ana sauke masa albasa, sai ya ga buhunan suna juyawa. Ya dafa jikin mota ya zauna a ƙasa. Raliya, 'yarsa ta uku, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ke zaune da shi da mijinta a gida ɗaya. Ba ta tsaya jin ta bakinsa ba ta sa shi a tasi sai asibiti. Aka auna, aka sake aunawa. Likita ya ce hawan jini ne, ga kuma ciwon suga ya daɗe a jiki yana aikinsa ba a sani ba. Ya lissafa abin da za a bari: soye-soye, gishiri da yawa, lemon kwalba, farar shinkafa a cika faranti. Badaru yana ji yana gyaɗa kai, a ransa kuwa yana ganin mutumin nan kamar ya taɓa leƙa farantinsu ne ya zo yana karantawa.

A cikin tasi da za su koma ya ce, "Raliya, maganar nan daga ni sai ke. Kada in ji ta a bakin kowa."

"Baba, ciwo ne fa, ba sata ba."

"Na faɗa miki."

Yana da dalilinsa, ko da ba na kirki ba ne. Shi ne Badarun da ke ɗaukar kwando biyu a kai lokacin da wasu ke nishi da ɗaya, shi ne mai tsokanar duk wanda ya gani da ƙullin magani a aljihu. Amma ba wannan ne babba ba. Cikin abokansa huɗu da suka tafi, uku hanya ɗaya suka bi. Da an ji mutum yana da ciwo mai suna, sai kowa ya fara tausasa masa murya, sai a fara cewa ai gara ya koma gida cikin dangi, sai 'ya'ya su zo da mota. Bayan wata biyar ko shida sai a kira waya daga Arewa. Shi da kansa ya taya ɗaure kayan biyu daga cikinsu, yana ba su baki cewa iskar gida magani ce. Yanzu da abin ya zo kansa, sai ya ga bai shirya jin wannan tausasawar muryar ba, musamman daga bakin Ɗan Azumi.

Raliya ta gyara tukunyar gida cikin kwana biyu, wannan bai ba ta wahala ba. Da ta zo kan Juma'a ne aka yi ta.

"Gidan Gilashin nan an daina, Baba."

"Sai dai in an daina Juma'ar."

Ta san mahaifinta. Idan ya yi irin wannan maganar a taƙaice yana kallon bango, to ko limami aka kira ba zai tankwara shi ba. Sai ta sauya dabara. Ranar Laraba da ba ta da aiki ta ce ya zo su je tare, ta ga abin da ake sayarwa da idonta.

Badaru shekara biyar yana shiga gidan nan, amma bai taɓa kallon ɓangaren hagu na kanta ba. Ashe akwai duniya guda a can. Raliya ta bi tire-tiren abincin ɗaya bayan ɗaya tana tambayar Bushra, ita kuma tana amsawa da Hausarta ta 'yan Legas.

"Wannan ewa ne, Anti, dafaffen wake. Akwai manja sha, amma in na ɗebo daga gefe ba ya yawa. Ga moimoi, mu alala ko? Wannan fish ɗin gasawa ake yi, ba soyawa ba. Chicken ma akwai gasasshe, sai dai ki cire fatar."

"Ganyen nan fa?"

"Efo. In kin ce kaɗan, zan tsame miki ganyen in bar man. Salad kuma ki ce kar a sa kirim, in ba ki faɗa ba za su zuba, wallahi kamar ba gobe."

Akwai ma ɗanyar agada dafaffiya, wadda Badaru ya kalla ya kawar da kai. Raliya ta haɗa masa faranti: wake cokali biyu, alala ɗaya, gasasshen kifi, ganye, da gorar ruwa. Ya ci a gabanta yana ɓata fuska don kada ta ji daɗi da yawa, amma gaskiya kifin ya yi, kuma waken ya tuna masa da wanda suke saye a Ebute Metta wajen wata tsohuwa, lokacin da ba su da aure. Ya ce to, ya ji, ya gani, haka zai riƙa saye.

Abin da Raliya ba ta sani ba, domin mace ba ta taɓa zama a zauren ba, shi ne ciyayya ba ta da nawa da naka. Ranar Juma'a Badaru ya je kanta ya nuna wake da kifi da ganye, ya kawo tebur yana jin kansa kamar wanda ya ci jarrabawa. Kafin ya zauna Ɗan Azumi ya karɓe, ya kife a kan soyayyar shinkafa, ya kwarara miyar kaza a sama, ya sa hannu ya gauraya.

"Yau kuma wake ka tuna? Madalla. Bisimilla."

Shekara guda ke nan hannun Ɗan Azumi na dama yana rawa. Da kaɗan-kaɗan ne, yanzu kuwa kafin loma ta kai baki sai rabinta ta koma faranti ko ta zube a gaban riga. Shi ke fara yi wa kansa dariya, yana cewa hannun ya saba da sitiyari mai karkarwa, wanda ba shi da alayimen. Da wannan hannun ya yago cinyar kaza mai fata ya tura gaban Badaru, kamar yadda ya saba. Badaru ya ci. Ya kuma sha lemon da aka buɗe masa, domin an riga an buɗe.

Washegari da safe Raliya ta soki yatsarsa da 'yar na'urarta, ta kalli lambar, ta kalle shi. Ba ta ɗaga murya ba, wanda hakan ya fi tsoratar da shi.

"Baba, ko dai ka gaya musu, ko ka ci naka daban. In ba haka ba zan kira Yaya Mahbub ya zo daga Kano, ku yi magana."

Ya san abin da zuwan babban ɗansa ke nufi. Mota ce. Cikin ukun nan sai ya zaɓi wanda ya ga ya fi sauƙi, kuma nan ne ya tafka kuskure, dattijo da furfurarsa.

Juma'ar da ta biyo ya kawo babban farantin kamar kullum, ya ajiye a tsakiya, su biyun suka juye nasu. Shi kuwa ya jawo ɗan farantinsa gabansa, ya kare shi da gwiwar hannu.

Ɗan Azumi ya miƙo hannu. "Kawo mana."

"Bar shi. Yau a nan zan ci."

"Me ya faru?"

"Ba komai. Haka dai na ga dama."

Malam Auwalu ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa da ba ta karkace ba. A zaurensu, shekara talatin, sau ɗaya aka taɓa janye kwano, ranar da aka gano wani baƙo yana da tarin da ake ɗauka, shi ma a ɓoye aka yi, aka ce masa wai an ware masa ne don girmamawa. Ɗan Azumi ya dubi ɗan farantin, ya dubi Badaru. Sannan ya dubi hannunsa, da ƙwayoyin shinkafar da suka riga suka zube a gefen babban faranti, ta wajen da Badaru ya saba ci. Ya ɗaga wa Bushra hannu ya ce ta kawo masa cokali.

Tunda Badaru ya san shi bai taɓa ganin cokali a hannunsa ba, ko kunu da ludayi yake sha. Cokalin ya yi ta ƙwanƙwasa silbar farantin, ƙas-ƙas-ƙas, har na teburin kusa suka waiwayo. Loma huɗu ya yi ya ajiye, ya ce yana da wanda zai gani a tasha. Badaru ya ga duk wannan, amma hankalinsa na kan tsare sirrinsa, sai ya ɗauka fushi ne na rana ɗaya irin wanda suka saba. Har da jin daɗi a ransa cewa yau bai ci mai ba.

Mako ya zagayo, kujerar Ɗan Azumi babu kowa. Aka ce ko mura ce. Wani makon ma haka, kuma a masallaci ya sauya sahu, da an sallame sai ya bi ta ƙofar baya. Badaru ya kira waya sau uku ba a ɗauka ba. Su biyu suka zauna, babban faranti a jingine a jikin kujera cikin jakarsa, domin Auwalu ya ce shi kaɗai ba zai ci a ciki ba. Suga ya sauka, jini ya daidaita, Raliya tana ta murna, shi kuwa Badaru abincin kamar yana tauna audugar katifa.

Auwalu ya daɗe yana juya alala da cokali kafin ya yi magana.

"Alhaji, na je wajensa jiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce in gaya maka bai riƙe ka ba. Ya ce shi ma da shi ne, ba zai so ya ci abin da ke faɗowa daga hannun wani ba."

Badaru ya ajiye lomar da ya ɗauko. Wallahi ko sau ɗaya abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. Wannan hannun ne ya ɗauke shi daga ƙarƙashin buhun da ya danne shi a kasuwa suna samari, shi ne ya riƙe ƙafar makarar Furera tun daga gida har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba. Kunya ta kama shi. Ya tashi ya bar kifinsa ko rabi bai ci ba.

Ɗan Azumi yana zaune a ɗaki ɗaya cikin wani dogon gida mai ɗakuna fuska da fuska, can wajen kwata. La'asar ta yi, yara na ɗiban ruwa a tsakar gida, amma ƙofarsa a rufe. Badaru ya yi sallama sau biyu kafin aka ce ya shigo. Ya same shi a kan tabarma da kwanon gari da ƙuli a gabansa, ya shimfiɗa tsohon tawul a cinya saboda zuba. Mutumin da bai iya shan ko ruwa shi kaɗai ba sai ya kira wani, shi ne ya kulle ƙofa yana cin abinci.

"Alhaji ne? Da ka aiko ai da na zo."

Alhajin nan ya soki Badaru, domin tsakaninsu ba a taɓa yin sa ba sai da tsokana. Ya zauna a bakin tabarma. Ya shirya maganganu a hanya, duk suka gudu. Sai kawai ya zura hannu a aljihun babbar riga ya fito da ƙullin leda, ya kwance, ya jera a kan tabarma: farare ƙanana na safe, masu ruwan ƙwai na dare, da katin asibiti mai sunansa.

"Suga ne. Da hawan jini. Wata guda ke nan. An hana ni mai da gishiri da lemo. Abin da ya sa ke nan, ba wani abu ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

Ɗan Azumi ya ɗauki katin, ya kai shi kusa da ido, duk da ba karatun boko ya iya ba. Katin yana kaɗawa a hannunsa. Badaru ya sunkuyar da kai yana jiran muryar nan mai laushi, yana jiran a ce Allah ya sawwaƙe, a ce ai gara a koma gida.

"Kai amma an yi mutumin banza."

Badaru ya ɗago.

"Mako biyu! Mako biyu ina zaune a ɗakin nan ina kallon hannuna kamar ba nawa ba. Na daina miƙa wa mutane hannu a masallaci, ka sani? Wato ka gwammace in mutu da zaton kana ƙyamata, da dai a ce Badaru mai kwando biyu yana shan ƙwaya. Ni da nake zubar da shinkafa a gaban 'yan mata duk mako, na ɓoye maka? Kuma ka bar ni ina tura maka fatar kaza, ina buɗe maka lemo, ashe kashe ka nake yi da hannuna ban sani ba!"

"Ɗan Azumi, tsoro na ji."

"Tashi ka ba ni wuri. Kwashe tarkacenka."

Ya kwashe. A bakin ƙofa ya tsaya ko za a ƙara cewa wani abu, ba a ce ba. Ya taka har gida a ƙasa, bai hau ko keken Marwa mai ƙafa uku ba, kuma makon nan duk wanda ya yi ciniki da shi a kasuwa ya san Alhaji ba ya cikin hayyacinsa.

Ranar Juma'a ya yi kamar ba zai ɗauki jakar ba, ya kai ƙofa ya dawo ya ɗauka. Bai ga Ɗan Azumi a masallaci ba. Ya tsallaka layin dogo a hankali, yana gaya wa kansa cewa in yau ma babu shi, to zai ba Bushra farantin ta kai wa uwarta, a rufe maganar.

Tun kafin ya tura ƙofar gilashin ya ji muryar. Gidan a cike yake, layi har bakin ƙofa, ma'aikatan banki da 'yan makaranta da matan da suka fito daga kasuwa, ga Ɗan Azumi a gaban kanta ya tare kowa, yana nuni da hannunsa mai rawa.

"A'a, 'yata, daga gefe na ce, inda ba manja! Ma fi iyo si, kada a ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya. Kifin nan gasasshe ne ko kun soya kun ɓoye? Kawo uku. Kirim ɗin me? Cire!"

Wani mai taye a bayansa ya ce Baba ya yi sauri mana, mutane na jira. Ɗan Azumi ya juyo, sai idonsa ya faɗa kan Badaru a bakin ƙofa. Ya nuna shi da yatsa, ya buɗe murya yadda har masu gasa kaza a ciki sai da suka leƙo.

"Oga, no vex! Na dat old man. E get suga, e get BP join, e come dey hide am like say na tif e tif!"

Wato ya shelanta cewa tsohon nan yana da suga da hawan jini, yana ɓoyewa kamar wanda ya yi sata. Gidan gaba ɗaya ya juyo. Wata mata mai goyo ta ce eyya, sorry Baba. Mai tayen ya ce mahaifinsa ma haka, a bar lemo kawai. Bushra ta rufe baki da hannu tana dariya, ta ce ai ita tun ranar da Anti ta zo ta gane. Sirrin da Badaru ya yi wata guda yana dakonsa, wanda ya kusa raba shi da abokin shekara arba'in, ga shi an watsa shi a gaban Yarbawa da Inyamurai da 'yan makaranta a kan layin shinkafa. Ya tsaya ya ji ko ƙasa za ta tsage. Ba ta tsage ba, sai ma wani sauƙi da ya ji a kafaɗunsa.

A teburin lungu Malam Auwalu ya karɓi jakar ya fito da faranti, ya goge shi da gefen rigarsa. Ya yi gyaran murya, ya tausasa ta.

"Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Ni dai da za ka ji shawarata, irin wannan ciwon, mutum yana kusa da dangi…"

"Auwalu, rufe mana baki," in ji Ɗan Azumi, yana ajiye tire. "Wa ya sani a Kura yanzu? Wa zai zauna ya ci da shi a can? Ba inda za shi."

Ya juye waken, ya juye ganyen, ya jera alala uku da kifi uku, ya kife salad ɗin a gefe. Babu shinkafa, babu lemo, sai gorunan ruwa uku a tsaye. Suka wanke hannu. Ɗan Azumi ya yi bisimilla ya kai loma, rabi ya zube, ya tauna sauran yana kallon rufi.

"Wallahi ba daɗi."

Badaru ya yunƙura zai tashi.

"Bari in karɓo maka shinkafarka. Kai ai ba a hana ka ba."

Ɗan Azumi ya damƙo hannun rigarsa ya mayar da shi kan kujera.

"Zauna, malam. Na ce ba daɗi, ban ce ba zan ci ba. Sa hannu, kafin Auwalu ya cinye mana kifin."